Malam buɗe littafin da ke zuwa lemun gidanku: wane ne shi, kuma yaya za ka ɗauke shi hoto

Wa alaikumus salam ƙanina. Na ga tambayarka kuma na ga hotuna ukun da ka turo, kar ka ji haushi amma sai da na yi dariya, biyu daga ciki ganyen lemu ne kawai ya fito tas, na ukun kuma wani baƙin abu ne a gefe kamar an zubar da tawada. Ka ce akwai wani babban malam buɗe littafi baƙi mai ɗigo-ɗigon ruwan ɗorawa da ke zuwa bishiyar lemun tsamin gidanku a unguwar Aboabo kusan kullum da hantsi, kana so ka san wane iri ne, me yake nema, kuma me ya sa duk hoton da ka ɗauka da waya ba ya fita. Sannan ka ƙara da cewa Mma ta ga tsutsa tana cin ganyen lemun, ta ce a sayo magani a fesa. Toh dan Allah ka ba Mma haƙuri ta ɗan dakata da feshin nan tukuna, za ka ga dalili.

Ni dai hoton aure da suna ne ke ciyar da ni a nan Kumasi sama da shekara ashirin, amma ƙwari su ne abin da nake ɗauka don raina, kuma kafin in riƙe kyamara na koyar da kimiyya a makaranta, saboda haka wannan baƙon naku na san shi kamar yunwar cikina. Ko a wancan hoton da ya ɓaci na gane shi. Masana suna ce masa Papilio demodocus, tun 1798 aka sa masa wannan sunan, kuma yana kusan ko'ina a Afirka kudu da Sahara, duk inda aka shuka lemu yana nan. Idan ka sa hotonsa a Google Lens, manhajar nan mai gane abu ta hoto, wani lokacin zai ce maka Papilio demoleus ne, kar ka ruɗe, wancan ɗan uwansa ne na Asiya, kamarsu ɗaya sosai, amma na gidajenmu demodocus ne.

In ya buɗe fukafukansa faɗinsa ya kai wajen santimita 10, kamar tafin hannun yaro. Daga nesa baƙi ne da ɗorawa shi ke nan, amma ranar da ka same shi a zaune ka duba da kyau. Baƙin ba baƙi ƙirin ba ne, ya ɗan ja zuwa ruwan ƙasa mai duhu, kuma kusa da jikinsa akwai wasu ƙananan ɗigo kamar an barbaɗa garin ɗorawa. Wani layi mai faɗi na ɗorawa ya ratsa fiffiken baya ya haye na gaba inda ya farfashe ya zama tabo-tabo, gefen kuma an jera masa ɗigo kamar aikin wuyan riga. A kowane fiffiken baya akwai ido biyu, ba idon gani ba, zane ne: ɗaya a sama mai shuɗi da baƙi wanda fiffiken gaba yakan rufe shi sai in ya baje sosai, ɗaya kuma a ƙasa kusa da ƙarshen cikinsa, ja da ɗan shuɗi a kansa. Yawancin danginsa suna da ɗan wutsiya a fiffiken baya, shi ba shi da ita, don haka kar ka ɗauka tsuntsu ne ya cire masa. In ya rufe littafin nasa kuma, ƙasan ya fi haske, ɗorawar ta fi yawa, har da ɗan ruwan goro da shuɗi a jere, ni ƙasan ma ya fi min kyau a hoto. Sabon fitowa ɗorawarsa fara-fara ce kamar madara, in ya kwana biyu a duniya sai ta yi duhu, gefen fiffiken ya yayyage, da ganin wannan ka san tsoho ne ya sha da ƙyar a bakin ƙadangare ko tsuntsu.

Wannan garin da ke maƙale maka a yatsa in ka kama shi ba ƙura ba ce, ƙananan ɓawo ne a jere kamar kwanon rufi ɗaya kan ɗaya, su ne launin gaba ɗaya, kuma in sun goge ba sa sake fitowa. Shi ya sa ba na son yara suna kama su da hannu.

Yanzu me ya sa hotonka ba ya fita. Ba laifin wayarka ba ne kaɗai, kuma ba hannunka ne ke rawa ba. Wannan irin yana da wata ɗabi'a da ke ba masu hoto ciwon kai: ko yana shan zaƙin fure ba ya tsayar da fukafukan gaba, yana ta kaɗa su fir-fir-fir, ƙafafunsa ne kawai ke ɗan taɓa furen, ya zura dogon bakin nan nasa mai nannaɗewa ya tsotsa, sakan biyu uku ya wuce na gaba. Ita kuma waya in ka bar ta ta zaɓa da kanta, musamman a inuwar bishiya, tana barin ƙofar haske a buɗe na ɗan lokaci mai tsawo, kamar 1/60 ko 1/100 na sakan, a wannan ɗan lokacin fiffiken ya riga ya motsa, sai ya fito a shafe. Na biyu kuma waya tana neman abin da ya fi girma da tsayuwa wuri ɗaya ta sa masa fokos, wato ganye. Ka ga dalilin da ya sa ganyenka ya fito kamar na talla.

Amma babban kuskuren shi ne bin sa da kake yi. Na san haka kake yi domin nima haka na yi. Shekarun baya na taɓa bin wani tun daga ƙofar gida har bayan layi, ido a kyamara ban duba ƙasa ba, sai ji na na yi tsundum ƙafa ɗaya a gota har gwiwa, mata masu sayar da koko suna ta min sannu suna ƙunshe dariya, malam kuwa ya haye katanga abinsa. Ba za ka taɓa cin sa tsere ba. Abin da za ka yi shi ne ka san abin da ya kawo shi, ka je ka zauna a wurin kafin ya zo.

Kuma abin da ke kawo shi lemunku ba abinci ba ne. Wanda kake gani yana zagaya bishiyar yana taɓa wannan ganye ya bari ya taɓa wancan, kusan tabbas mace ce, ƙwai ta zo sakawa. Su da ƙafa suke ɗanɗano, sai ta ɗan bubbuga ganyen da ƙafafun gaba ta ji ko lemu ne kuma ko ya yi taushi, in ya yi mata sai ta lanƙwaso cikinta ta manna ƙwai guda ɗaya tak, ta tashi ta nemi wani ganyen. Ba ta son tsohon ganye, sabon toho take nema, mai laushin nan kore shar a ƙarshen reshe. Toh ka ga ta gaya maka inda za ta sauka ke nan. Gobe ka duba bishiyar ka ga reshen da ya fi sabon toho kuma rana tana samunsa, ka ɗauko kujera 'yar tsugunno ka zauna kusa da shi tun wajen ƙarfe tara, ka sa fokos a kan tohon ka danne yatsa a sikirin har ya kulle, ka jira. Lokacin da take manna ƙwan tana ɗan tsayawa fiye da kullum, nan ne damarka.

In ta tashi ka je ka duba wurin, za ka ga ɗan ƙwai kewayayye fari-fari mai ɗan ɗorawa, bai wuce ƙwayar gero ba. Cikin kwana huɗu zuwa shida yake ƙyanƙyashewa. Abin da zai fito shi ne tsutsar da Mma take son kashewa. Wato tsutsar nan da wannan kyakkyawan da kake son ɗauka abu ɗaya ne, uwa ce da 'ya'yanta.

Tsutsar ita kanta abin kallo ce, kuma ga mai koyon hoto ta fi uwar sauƙi nesa ba kusa ba tunda ba inda za ta. Tana ƙarama kamarta ɗaya da kashin tsuntsu, wallahi ba ƙari, baƙi-baƙi da ruwan ƙasa da fari a tsakiyar baya, har da ɗan sheƙi kamar bai bushe ba, ta kwanta a saman ganye a fili ba ta ko ɓuya, domin wane tsuntsu ne zai ci kashinsa. Tana ci tana saɓa, wato tana tuɓe fata, in ta kai matakin ƙarshe na biyar girmanta ya wuce a ce kashin tsuntsu ne, sai ta sauya riga gaba ɗaya ta koma koriya kamar ganyen, da ɗan zane a kafaɗa da gefe, tsawonta wajen santimita 4. Ka samo ɗan tsinke ka taɓa bayanta a hankali ka gani: wani abu mai baki biyu kamar harshen maciji, ruwan goro mai ja-ja, zai fito daga bayan kanta, tare da wani wari mai hawa kai kamar ruɓaɓɓen ɓawon lemu. Ba ya cizo ba ya harbi, barazana ce kawai don tururuwa da gizo-gizo da makamantansu. In kana son hoton wannan ka shirya wayar tukuna ka sa wani ya taɓa maka, domin sakan kaɗan take mayar da shi, kuma kar ku yi ta maimaitawa kuna wahalar da baiwar Allah.

Bayan kamar mako biyu zuwa uku tana ci, sai ta daina, ta sauka ta nemi reshe ko jikin katanga, ta manna gindinta sannan ta ɗaura wani siririn zare a tsakiyar jikinta ta jingina baya, sak ma'aikacin lantarki a kan pol da bel a ƙugu. Kwana ɗaya biyu ta tuɓe fatar ƙarshe ta zama kwanso, abin da littafin makaranta ke cewa pupa, wani kore wani ruwan ƙasa kamar busasshen itace. A irin zafin garinmu yawanci kwana goma zuwa mako biyu yake yi a haka.

Toh ga sirrin da na fi so ka riƙe, domin duk hotunan wannan irin da na fi alfahari da su ta nan na same su. Ka nemi kwanson ka dinga duba shi kullum da yamma. Ranar da ka ga ya yi duhu har kana hango ɗigon ɗorawar fiffiken ta cikin ɓawon, gobe da safe zai fito. Ka tashi da wuri. Zai tsaga kwanson ya fito da fukafukai a cukurkuɗe kamar tsumman da aka matse, cikinsa a kumbure, ya rataye kai sama yana tura ruwan jikinsa cikin jijiyoyin fiffiken, kana kallo suna miƙewa kamar ana goge riga. Daga nan sai ya yi awa ɗaya ko biyu yana jira su bushe, ba ya iya tashi, yana buɗewa yana rufewa a hankali, ba ko ƙwarzane ɗaya a jikinsa, launin sabo fil. Ko da wayar da ta fi kowace araha a kasuwar Kejetia za ka samu hoton da mutane za su ce da babbar kyamara aka ɗauka. Kar dai ka taɓa shi a wannan lokacin, in fiffiken ya lanƙwashe ya bushe a haka ya nakasa ke nan har abada. Karo na farko da na yi wannan gadin, na zauna tun bayan sallar asuba har ƙarfe bakwai da rabi shiru, na ce bari in leƙa bakin titi in sayo koko da ƙosai, minti goma ban yi ba, na dawo na tarar ya riga ya fito yana rataye. Fitowar kanta ba ta kai minti biyu ba, don haka in kana son ta, ka jingina wayar ka kunna bidiyo ka bar ta.

Kuma ba kowane kwanso ne ke kaiwa ba, gara in gaya maka kar ranka ya ɓaci. Na taɓa ajiye ɗaya cikin kwalba na rufe da yadin gidan sauro, ina ta ƙirga kwana, ranar nan na duba sai na ga ɗan rami a gefensa kamar an huda da allura, kwalbar cike da wasu mitsi-mitsin ƙwari masu fiffike. Dangin zanzaro ne ƙanana, uwarsu ta riga ta saka ƙwai a jikinsa, 'ya'yan suka cinye shi ta ciki. Su da tsuntsaye da ƙadangaru su ne ke rage yawan tsutsar, kuma feshi ƙananan zanzaron nan yake fara kashewa.

Bari mu koma kan waya. Ban san wace kake riƙewa ba amma yawancin Tecno da Infinix da Samsung na yanzu in ka shiga kyamara akwai wurin da aka rubuta Pro. Shiga nan, ka nemi harafin S ko inda ka ga lambobi irin 1/125, wato tsawon lokacin da ƙofar hasken nan ke buɗe, ka kai shi 1/1000, in rana ta buɗe sosai ma 1/2000. Hoton zai yi duhu, sai ka ɗaga ISO, wato lambar da ke ƙara wa hoton haske, zuwa 200 ko 400, kar ka wuce 800 a waya domin hoton zai yi yashi-yashi. Wannan yana aiki ne a rana, a inuwa ba zai yi ba, shi ya sa na ce ka zaɓi reshen da rana ke samu. Kar ka yi zum da yatsa biyu har ƙarshe, yanka hoton kawai yake yana lalata shi, in wayar tana da 2x ka tsaya a nan. Kar kuma ka kai ta kusa fiye da faɗin tafin hannu, yawancinsu ba sa iya fokos a ƙasa da haka. Ka dinga ɗauka a jere ba ɗaya-ɗaya ba, wasu wayoyin danne maɓallin ake yi wasu kuma jan sa ƙasa, cikin talatin in ka samu biyu masu kyau ka ci riba, mu ma masu manyan kyamarori haka muke yi, ba ma dai nuna muku na sharar ne. In duk wannan ya yi maka yawa, ɗauki bidiyo na 4K a rana ka zo ka tsayar ka ciro hoton da ya yi, kowane ɗaya ya kai wajen megafiksel 8, ya ishi Facebook da WhatsApp har da bugawa a ƙaramar takarda. Sannan ka goge gilashin kyamarar da gefen riga kafin ka fara, rabin hazon da nake gani a hotunan mutane maiƙon yatsa ne.

Abu ɗaya game da launinsa: saboda baƙi ya yi yawa a jikinsa, kyamara tana ɗauka wurin duhu ne sai ta ƙara haske, ɗorawar ta ƙone ta koma fara fat ba komai a ciki. Ka ɗan ja hasken ƙasa kaɗan, gara hoton ya ɗan yi duhu ka gyara daga baya. In wata rana ka samu babbar kyamara, ni da lens, wato gilashin gaban kyamara, mai zum 70-300 nake yawan ɗaukarsa ina tsaye nesa kamar taku biyu, faɗin ƙofar haske a f/8, saurinta 1/1600, ISO kuma in bar shi ya nemi kansa. Lens na kusa mai 100mm ya fi fitar da ɓawon fiffike amma sai ga wanda ya zauna. Filasha ba na so a kansa da rana tsaka, tana kashe laushin launin.

Yadda kake tsayawa ya fi duk waɗannan lambobin muhimmanci. Idonsu yana kama motsi fiye da namu, kuma inuwa in ta faɗo musu tsuntsu suke ɗauka, saboda haka ka duba inda inuwarka take kafin ka matsa, kar ta taɓa shi. Ka matso kai tsaye a hankali ba ta gefe-gefe ba, ka miƙa hannun da wayar maimakon ka kai duk jikinka, kuma farar jallabiyar Juma'a ba kayan wannan aikin ba ce. Ka sauko daidai tsayinsa, ko da za ka durƙusa a ƙasa ne. Bayan wayar ya zama yana fuskantar fiffiken sosai kamar yadda kake ɗaukar hoton takarda, domin a kusa wurin da ke fita tas siriri ne ƙwarai, in ka karkace gaba zai fita baya ya shafe. In ya rufe fiffike ka ɗauke shi ta gefe ka tabbatar idonsa ya fita. Kuma ka duba abin da ke bayansa, a gidajenmu na zango in ba ka lura ba za ka samu malam ya fito da kyau amma ga bokitin roba ja da shanyar wanki a bayansa, taku ɗaya zuwa hagu ko dama yakan gyara wannan.

Lokaci kuma, su jikinsu ba ya yin zafi da kansa, sai rana ta gasa su kafin su iya tashi da ƙarfi. Tsakanin ƙarfe bakwai da tara na safe, musamman in an kwana ana ruwa, za ka iya samunsa a kan ganye ya baje fukafukai yana shan hantsi, a nan yana barin mutum ya matso. Daga sha ɗaya zuwa uku kuwa sai dai ka gan shi ya wuce kamar an aike shi. Da damina suka fi yawa, lokacin da lemu ke toho, wato daga wajen Afrilu zuwa Yuli da kuma ƙaramar damina ta Satumba zuwa Nuwamba, amma ba sa ɓacewa gaba ɗaya a nan. Da hunturu ma akwai abin yi, ciyawar nan da muke cewa Acheampong tana fure wajen Disamba, duk da manoma sun tsane ta, in ka samu inda ta yi yawa a bayan gari za ka ga iri-iri a kanta.

In kana son ya dinga tsayawa a gidanku ba wucewa kawai ba, ka shuka masa fure. Ixora mai jan furen nan da ake shingen gidaje da ofisoshi da ita, da lantana, suna jan sa sosai, ko a tsohon bokiti ka dasa ya isa. Mazan kuma suna da wata ɗabi'a, suna sauka a jiƙaƙƙiyar ƙasa suna tsotsar gishirin da ke ciki, shi ya sa kake ganinsu a bakin fanfo ko inda dabbobi suka yi fitsari. Ka zuba yashi a faranti ka jiƙa shi da ruwa mai ɗan gishiri kaɗan ka ajiye a rana, wani lokacin suna zuwa wani lokacin su yi banza da kai. Ruɓaɓɓiyar ayaba da mangwaro da za ka ji ana cewa a ajiye, wannan na wasu irin ne na cikin kurmi, naku bai damu da ita ba. Wata dabara kuma da za ka ji ita ce a kama shi a sa a firij ya sandare sannan a ɗora a fure a ɗauka, ni ba na yi kuma ba na so, duk wanda ya san su da ganin yadda ƙafafun suka maƙale ya san hoton ƙarya ne.

Kafin hannunka ya faɗa, ka yi koyo da wani mai sanyin tafiya. Akwai mai ruwan goro da baƙin baki da farin ɗigo a ƙarshen fiffike, fiffiken bayansa fari a irin namu na Afirka ta Yamma, Danaus chrysippus, wanda tsutsarsa ke cin tumfafiya da danginta. Dafin ganyen yana zama a jikinsa, tsuntsun da ya ci ɗaya ba ya marmarin na biyu, shi ya sa yake yawo a hankali kamar mai gari ba ya tsoron kowa, kuma yana zama a fure ya daɗe. Har akwai wani irin daban, Hypolimnas misippus, da macensa ta kwaikwayi kamarsa don ta ci albarkacinsa alhali ita ba ta da dafin, mijinta kuwa baƙi ne mai manyan fararen tabo da shuɗi-shuɗi a kewaye, ba za ka ce jinsi ɗaya ba ne. In ka ɗauki mai ruwan goron ka ƙirga ƙafafunsa a hoton, huɗu za ka gani yana tsaye a kai, biyun gaba sun ƙanƙance sun naɗe a ƙirji, na lemunku kuwa shida cif yake takawa.

Ƙasar nan tamu Ghana tana da irinsu sama da 900, kuma ba sai ka yi nisa ba. Kurmin Bobiri yana nan kusa da Kubease a hanyar Accra in ka wuce Ejisu, tafiyar kilomita talatin da 'yan kai daga Kumasi, an ƙirga wajen iri 400 a cikinsa, motar haya ta trotro za ta sauke ka a Kubease sai ka nemi abin da zai shigar da kai ciki. Amma kar ka yi gaggawar zuwa, a kurmi haske kaɗan ne kuma abin ya fi wuya, wanda bai iya da na tsakar gidansu ba zai dawo da hoton ganye ne kawai, wannan karon na kurmi. In ka fara tara hotuna ka sa manhajar iNaturalist, kana ɗorawa masana suna tabbatar maka da sunan.

Saura maganar Mma, kuma tana da gaskiyarta, kar ka je kana mata lacca. Tsutsar nan tana cin ganye da gaske, a wurin masu renon dashen lemu ma abokiyar gaba ce, domin ƙaramin dashe mai ganye goma tsutsa biyu za su iya yi masa tsirara. Asali ma kafin a kawo lemu Afirka itatuwan daji 'yan uwan lemu take ci, irin su fasa ƙwari, da lemu ya zo ta samu banza. Amma bishiyar da na gani a hotonka babba ce ta wuce kan mutum, tsutsa biyar ko goma ba za su rage mata 'ya'ya ba, ba sa taɓa lemun kansa, ganye kawai. In akwai ƙananan dashe a gidan, ka bi su da hannu duk bayan kwana biyu ka tsince ka mayar kan babbar, ba sai an kashe ko sidi ɗaya a magani ba, balle a fesa guba a tsakar gidan da yara ke wasa ake kuma shanya abinci. In kuma ganyen yana nannaɗewa ne ko yana yin baƙi kamar an shafa masa kunkunniya, wannan ba aikinta ba ne, wasu ƙwari ne daban, ka ɗauko min hotonsa in gani. Ka roƙe ta ta bar maka reshe ɗaya na mako uku, ranar da na farko zai fito daga kwanso ka kira ta ta zo ta gani da idonta.

Hotunan da za ka turo min nan gaba ka turo su a matsayin fayil, kar ka turo ta hanyar hoto kai tsaye, WhatsApp yana matse su ya cinye duk ɗigon da nake son dubawa. Ka gaida Mma.